Miyar Lauz Ta Parsawa, Cittar Kudancin Kaduna Da Maganar Baƙo

Yau maganar miya za mu yi, sai dai ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri, domin kafin mu kai ga murhu sai mun bi ta Farisa da Indiya, sannan mu dawo gida Kafanchan.

A yammacin ƙasar Indiya, musamman birnin Bombay da yanzu ake kira Mumbai, da kuma jihar Gujarat, akwai wata 'yar ƙaramar al'umma da ake kira Parsi. Cikin abincinsu na alfarma akwai wata miyar naman akuya da ake kaurarawa da niƙaƙƙen lauz, wato ƙwayar nan da Turawa ke kira almond, su kuma suke ce mata badam. Nama kuwa gos suke ce masa, daga kalmar gosht. Duka kalmomin biyu na Farisanci ne. Shi kansa sunan Parsi ma'anarsa mutumin Farisa. Ka ga ke nan tun daga sunan kayan miya mutum zai gane cewa masu ita asalinsu ba nan ba ne, alhali kuwa sun haura shekara dubu a Indiya.

Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya ya san su, da wani suna dabam. Su ne Majusawa, mabiya addinin Zaradusht, addinin da Salmanul Farisi ya taso a cikinsa kafin ya fita neman gaskiya. Mu muna jin ana cewa masu bautar wuta ne. Su kuwa ba sa son wannan suna, suna cewa ubangiji ɗaya suke bauta wa, Ahura Mazda, wuta alamar tsarki ce da suke fuskanta. Addininsu shi ne na daular Farisa har zuwa lokacin da rundunar Musulmi ta ci su a Ƙadisiyya a 636, zamanin Halifa Umar, ta sake cin su a Nahawand a 642, sarkinsu na ƙarshe Yazdajird aka kashe shi a Marwa a 651. Mafi yawan mutanen ƙasar ba su tafi ko'ina ba. Sun zauna suna biyan jiziya, a hankali cikin ƙarnoni akasarinsu suka musulunta, kuma har yau akwai ragowarsu a Yazd da Kerman cikin Iran. Wasu tsiraru ne suka gangara bakin teku wajen Hormuz, suka shiga jiragen ruwa, suka zauna tsibirin Diu na wasu shekaru, daga nan suka sauka a wani wuri da ake kira Sanjan a gaɓar Gujarat. Masana sun yi saɓani a kan shekarar saukarsu, wasu na cewa 716, wasu 785, wasu kuma 936.

A nan bari in ɗan ratse, domin akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Halifa Umar bai karɓi jiziya daga Majusawa ba sai da Abdurrahman bin Auf ya shaida cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓa daga Majusawan Hajar. Daga nan sunan Majus ya zama gurbi a fiƙihu na mutanen da ba Musulmi ba, ba kuma Yahudu ko Nasara ba, amma an yarda su zauna da amana. Masana tarihi da yawa suna ganin daga nan kalmar Maguzawa ta fito, wato malaman ƙasar Hausa sun ari wannan gurbi suka sanya 'yan'uwansu Hausawa da ba su musulunta ba, don a sami hanyar zama tare. In haka ne, Bamaguje na ƙasar Kano da Baparse na Bombay suna ɗaya suke amsawa.

To, mu koma Sanjan. Labarin da kowane yaron Parsawa ya sani shi ne, da suka sauka, sarkin wurin mai suna Jadi Rana ya aiko musu da ƙwaryar madara cike fal har baki, ma'ana ƙasarsa ta cika, babu wurin baƙi. Babban malaminsu ya ɗebi sukari ya zuba a ciki a hankali, madara ba ta zube ba, ya mayar wa sarki. Ma'ana za su narke cikin jama'a, su ƙara zaƙi, ba za su ture kowa ba. Labari ne mai daɗi, shi ya sa ake yawan ba da shi a wurin taro. Sai dai tsohon littafin da ya kawo tarihin hijirar tasu, Kissa-i Sanjan, wanda wani malaminsu Bahman Kaikobad ya rubuta a Navsari wajen 1599, babu madara babu sukari a cikinsa. Abin da ke ciki sharuɗɗa ne. Su bayyana wa sarki addininsu, su bar harshensu su ɗauki na ƙasar, matansu su sa tufafi irin na matan ƙasar, su ajiye makamai, bikin aurensu kuma sai bayan faɗuwar rana. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci ya san wanne daga cikin labaran biyu ya fi kama da gaskiya. Har yau Gujaranci ne harshen gidansu, matansu sari suke ɗaurawa, aure kuma da yamma suke ɗaura shi.

Abin da ba a sa cikin sharuɗɗa ba shi ne tukunya. Gujarat ƙasa ce da Hindu da mabiya addinin Jain da yawa ba sa cin nama sam, wasunsu ko albasa da tafarnuwa ba sa ci. Parsawa kuwa ba su bar nama ba. Da yawansu sun kauce wa naman shanu saboda kunyar maƙwabta, suka riƙe akuya da rago da kaza da kifi da ƙwai, ƙwai kam har tsiya ake yi musu a kansa, don kusan komai sai sun fasa masa ƙwai a sama. Dafa nama da ƙwayoyi irin su lauz da busassun 'ya'yan itace tsohuwar al'adar Farisa ce, da ita suka zo. A Gujarat suka tarar da kwakwa da kurkum da citta da tsamiya da mazarƙwaila. Barkono kuwa babu shi a Indiya a lokacin, duk da yadda yau muke ganin kamar da shi aka halicce su. Daga nahiyar Amurka yake, mutanen Fotugal ne suka kawo shi bayan Vasco da Gama ya iso Indiya a 1498, kuma ta wannan hanya dankalin turawa da tumatir da yazawa da gyaɗa suka shigo. Gyaɗar da muke tinƙaho da ita a Arewa ma jiragen Fotugal ɗin ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma. Saboda haka miyar da ake kira ta gargajiya, in ka tsaya ka duba, kusan kowane abu da ke cikinta baƙo ne, wani ya riga wani zuwa kawai.

Ƙarnoni da dama Parsawa manoma ne da masaƙa da kafintoci da ƙananan 'yan kasuwa a garuruwan Navsari da Surat da Bharuch. Arzikinsu ya zo ne da Bombay. A 1661 Fotugal ta ba Ingila tsibirin a cikin kayan auren gimbiya Catherine, a 1668 aka miƙa shi ga kamfanin East India, Parsawa suka zama dillalai da tafintoci tsakanin Bature da mutanen ƙasa. A 1736 wani maƙerin jiragen ruwa Lovji Wadia ya taso daga Surat zuwa Bombay, zuriyarsa suka yi fiye da shekara ɗari suna ƙera wa Ingilishi jirage. Wasu gidajen sun yi kuɗi da auduga, wasu da fataucin ofiyom zuwa ƙasar Sin, abin da ba a cika son ambata ba a wurin taro. Jamsetji Tata, ɗan gidan malamai daga Navsari, ya kafa kamfaninsa a 1868, kuma manyan motocin Tata da muke gani a hanyoyinmu sunan gidansa suke ɗauke da shi. Kamfanin Godrej, wanda ya sayi sabulun Tura a Nijeriya a 2010, shi ma na Parsawa ne. Masu son fim ɗin Indiya kuma su sani, fim na farko mai magana a Indiya, Alam Ara na 1931, Ardeshir Irani ne ya yi shi, ɗan wannan addini, kuma salon nan na waƙa da rawa a tsakiyar labari daga gidajen wasan kwaikwayon Parsawa na ƙarni na 19 aka gaje shi. Sun zo Afirka ma, suna da 'yar al'umma a Zanzibar, inda aka haifi mawaƙin nan Freddie Mercury a 1946, kafin juyin juya halin 1964 ya watsa su.

Lauz tsada gare shi ko a can, daga Iran da Afganistan fatake ke kawo shi, shi ya sa miyarsa ta zama ta ranar farin ciki da ta gidan masu hali. Akwai wani abincin nasu da ya fi shahara a duniya, dhansak, nama da dangin wake, amma shi ba a kai shi wurin biki, domin shi ake dafawa a rana ta huɗu bayan rasuwa, bayan an yi kwana uku ba a ci nama a gidan ba.

Yanzu ga yadda ake yin ta. Kowane gida da irin hannunsa, amma ginshiƙin ɗaya ne. A sami naman akuya ko na rago kilo 1, mai ƙashi, domin ƙashin ne ke ba romo jiki. A daka ɗanyar citta kamar girman babban yatsa da tafarnuwa ƙwaya 8 zuwa 10, a cuɗe naman da su da gishiri, a rufe a bar shi awa guda ko fiye. Wannan haɗin citta da tafarnuwa suna kiran sa adu lasan, kuma da wuya su ɗora nama ba tare da shi ba. A jiƙa lauz kamar giram 100 a ruwan zafi na minti 10, ɓawon zai saɓule da yatsa kamar na jiƙaƙƙen wake, sai a markaɗa shi da rabin kwakwa har ya yi laushi kamar kindirmo. A gefe guda a ɗan gasa busasshen barkono 6 ko 8, irin mai ja sosai marar zafi da yawa, da kamun cokali 1 da ƙwayar kusbara cokali 2, a niƙa su da kurkum rabin cokali da ɗan ruwa.

Sai a narka man shanu a tukunya mai kaurin gindi, a jefa kirfa da kanumfari 4 ko 5 da hel, a zuba yankakkiyar albasa manya 3. Nan ne ake gane mai haƙuri. Albasar nan sai ta yi ja kamar mazarƙwaila, abin da kan ci minti 15 zuwa 20 a kan wuta marar ƙarfi, in aka yi gaggawa miya za ta fito fari fat ba ɗanɗano, in kuma aka bari ta ƙone ɗaci ya shiga ke nan. Daga nan a zuba niƙaƙƙen kayan yaji a soya har mai ya taso sama, a zuba nama a juya har ya canza launi, a tsaida ruwa daidai kan naman, a rufe a bar shi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Lauz ba ya shiga sai nama ya kusa nuna. In ya shiga a rage wuta, a tsaya a kai da muciya ko ludayi na kamar minti 20, domin yana kama gindin tukunya, duk macen da ta taɓa yin miyar gyaɗa ta san wannan hali. A ƙarshe a ɗiga ruwan khal cokali 1 ko 2, su na rake suke amfani da shi wanda ake yi a Navsari, a jefa ɗan gutsuren mazarƙwaila. Tsami da zaƙi da yaji su ne ƙafafun murhun girkinsu, kada ɗaya ya danne ɗaya. Ba a sa magi, kuma ba za a nemi shi ba.

Cikin duk kayan nan, wanda ya dawo da mu gida shi ne citta. Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman citta a duniya, amma duk da haka tana sayen busasshiyar cittar Nijeriya, saboda tamu ta fi yaji da yawan mai. Cittar Nijeriya kuwa kusan a ce ta Kudancin Kaduna ce: ƙasar Jaba wajen Kwoi, da Kachia, da Kagarko, da kewayen Kafanchan. Iri biyu aka fi sani, tafin giwa mai fāɗi da launin rawaya, da yatsun biri mai sirara da duhu. Ana shuka ta wajen Afrilu da Mayu, a rufe kunya da ciyawa, a haƙe daga Oktoba zuwa Disamba, sannan mata da yara su zauna su tsaga ta biyu a shanya a kan duwatsu da gefen titi. Wanda ya bi hanyar Kwoi da hunturu hancinsa zai gaya masa inda yake. Nomanta don sayarwa ya fara ne wajen 1927, lokacin da Turawan mulki ke neman amfanin gonar da mutanen Kudancin Zariya za su sayar su sami kuɗin haraji.

Ba banza ba wannan shekara. A daidai lokacin ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos a 1927 saboda kuza, mahaɗar ta faɗo a ƙasar mutanen Fantswam. Kafin jirgi, Kafanchan ƙauyukan Fantswam ne. Bayan jirgi ta zama garin kowa: Ibo da Yarbawa ma'aikatan reluwe, 'yan Saliyo da Gwalkwas akawuna, Hausawa da Nufawa 'yan kasuwa, da fatake daga ƙasar Faransa irin kakana, wanda ya taso daga Damagaram ya biyo dogo har ya tsaya inda ya ga ciniki. Mu a buhun citta muka buɗe ido. A 1933 masarautar Jama'a ita ma ta taso daga tsohon mazauninta ta dawo kusa da tasha.

Indiyawa ma sun taka ƙasar nan. Gidan Chellaram ya buɗe a Ikko a 1923, kuma akasarin 'yan kasuwar Indiya da suka biyo baya mutanen Sindh ne, waɗanda rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta raba su da garuruwansu. Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna da aka buɗe a 1964, shugabanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya Varma. Iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 da wuya a sami wanda Ba'indiye bai koya masa lissafi ko kimiyya ba. Daga 1979 zuwa 1982 kuma wani kamfanin gwamnatin Indiya mai suna RITES aka danƙa wa tafiyar da reluwen Nijeriya, kuma tsofaffin ma'aikata har yau suna yabon yadda jirgi ke zuwa a kan lokaci a shekarun. Amma garin kori da muke zubawa a dafa-duka ba su suka kawo shi ba. Ingilishi ne suka haɗa shi don su riƙa tuna abincin Indiya a gida, ana sayar da shi a Landan tun shekarun 1780, ya iso mana ta kantuna da hannun kukun Bature. Baparse in ka nuna masa shi a matsayin kayan miyarsa dariya zai yi.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A Kafanchan wannan magana ba karin magana ce kawai ba, takarda ce da ake nema a wurin shiga makaranta da ɗaukar aiki, kuma jini ya zuba a kanta. A 1966 Ibo da yawa suka bar garin ba shiri. A Maris 1987 rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. A 1999 aka yi wani a kan naɗin sarki. A Afrilun 2011 bayan zaɓe kasuwa ta ƙone, aka yi asarar rayuka, unguwanni suka ƙara rabewa bisa addini. Na sha jin masu wa'azin zaman lafiya suna kawo labarai irin na madara da sukari, kuma na san da kyakkyawar niyya suke yi. Sai dai a ganina labarin bai zauna daidai a kanmu ba, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Parsawa sun sauka Sanjan ba su da doki ba su da tuta, sarki ne ya gindaya musu sharaɗi. A nan kuwa masarautar Jama'a da aka kafa wajen 1810 ƙarƙashin Zazzau da ƙarfi ta zo, tana kai gaisuwa Zariya har da bayi da aka kamo daga ƙabilun yankin, sannan Bature ya zo ya ɗora ta a kan wasu da ba su yarda da ita ba. Kagoro da duwatsu suka kare ba su taɓa shiga hannu ba, amma sun ga abin da ya sami maƙwabtansu. Jikan wanda aka kama kakansa ba zai ji labarin sukari yadda ni zan ji shi ba. A ɗaya gefen kuma, jikan ɗan tireda da aka haifi ubansa a bayan tasha, wanda bai san wani gida ba sai nan, in an ce masa raɓa ne, ina ake so ya koma? Baƙi iri biyu ne aka cusa a suna ɗaya. Ƙirƙiro masarautun gargajiya da gwamnatin Makarfi ta yi, har Fantswam suka sami tasu a 2001, ya rage wani ɓangare na ƙorafin farko. Na biyun yana nan.

Su ma Parsawa zaman nasu bai zo kyauta ba. Sun tsira da addininsu ne ta hanyar rufe ƙofa: manyan malamansu a Indiya ba sa karɓar mai shiga addinin daga waje, kuma 'ya'yan macen da ta auri bare yawanci ba a lissafa su a ciki, ko da yake ana karɓar na namiji. Ga jinkirin aure, ga ƙarancin haihuwa, ga ƙaura zuwa Ingila da Amurka da Kanada. A ƙidayar 1941 sun haura 114,000. A 2001 sun koma 69,601, a 2011 kuma 57,264, a ƙasar da mutanenta suka haura biliyan. Har sai da gwamnatin Indiya ta fito da wani shiri a 2013 mai suna Jiyo Parsi, tana tallafa wa ma'auratansu don su haihu.

Mai son gwada miyar a nan, babbar matsalarsa lauz ce. Ba ya yi a ƙasarmu, yana son sanyin hunturu da rani marar ruwa irin na Iran, kuma yau kusan kashi 80 cikin 100 na wanda duniya ke ci daga Kalifoniya ta Amurka yake fitowa, har wanda ake niƙawa a Mumbai. Sai a manyan kantunan Kaduna da Jos da Abuja, ko wurin masu tsarabar Makka, kuma kuɗin giram 100 zai sayi gyaɗa mai yawa. Kada a ruɗe da itacen nan mai faffaɗan ganye da ake shukawa a harabar makarantu, wanda yara ke fasa ƙwallonsa, shi dangi dabam ne ko da yake ana ba shi sunan. Abin da zai kwantar da hankali shi ne, miyar da Parsawa ke ci da shinkafa a ranakun da ba na biki ba, da gasasshiyar gyaɗa da riɗi da yazawa da kwakwa suke kaurara ta. Duka huɗun akwai su a kasuwar Kafanchan, kurkum kuma a gonakinmu ake haƙo shi. Da gyaɗa miyar takan fi nauyi da ƙamshin ƙasa, sai a rage yawanta a ƙara tsamiya kaɗan a madadin khal. Citta ce ma ta koma abin lallaɓawa, tun da annobar ruɓa ta 2023 ta cinye mafi yawan gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko, manoma da yawa suka rasa har irin shukawa, farashi ya yi tashin da dattawan kasuwa suka ce ba su taɓa gani ba. Su can da farar shinkafa suke ci, da yankakkiyar albasa da lemun tsami a gefe, wani lokaci su barbaɗa soyayyen dankali da aka yanka siri-siri kamar ashana. A nan tana tafiya da tuwon acca ƙwarai, musamman in ta kwana aka ɗumama.